Wace fota ɗan golf mai koyo zai saya a Kaduna: mai faɗin kai ko siririya?

A fili mai ramuka 18, lissafin wasan golf ya ware wa fota bugu biyu a kowane rami, 36 ke nan a zagaye guda. Cikin sanduna 14 da doka ta yarda mutum ya ɗauka a jaka, babu wadda hannu ke komawa gare ta kamar wannan gajeriyar sanda da ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami. Amma masu koyo da yawa a Kaduna, direba, wato sandar dogon bugun farko, suke fara zuba wa kuɗi, fota kuwa duk wadda ta zo cikin jakar gwanjo ita ce.

Kafin maganar saye, a raba ciwon da sanda ke magancewa da wanda ba ta magancewa. Idan dogon bugunka yana tashi yana karkata dama, abin da 'yan wasa ke kira silais, fuskar sanda ce ke isa ƙwallo a buɗe, kuma yawanci daga riƙo matsalar take. Mai bugu da dama ya juya hannun hagunsa a kan mariƙi har ya ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku idan ya kalli ƙasa, ya kuma daina fizgo sanda da kafaɗa daga sama. Wannan aikin ƙwararren kulob ne da kwandon ƙwallaye, sabuwar direba ba ta gyara shi. A kan girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ne kaɗai sauya sanda ke rage bugu da gaske, domin kurakuran mai koyo a nan uku ne, kuma ƙirar fota na taɓa dukkansu: karya wuyan hannu lokacin bugu, rage gudu dab da taɓa ƙwallo saboda tsoron wuce rami, da bugun ƙwallo da gefen fuska maimakon tsakiya.

Don haka zaɓina ga duk wanda handikaf ɗinsa (lambar da ke auna gwanintar ɗan wasa, ta mai koyo ce ta fi yawa) ya haura 15 shi ne malet, wato fota mai faɗin kai. An baza nauyinta zuwa baya da gefe-gefe, saboda haka idan ka sami ƙwallo da kusa da dunduniya ko hancin sanda, kan ba ya murɗewa sosai, ƙwallon kuma ba ya mutuwa a rabin hanya. Daga mita takwas ko goma, wannan ne bambancin ƙwallon da ya tsaya taku ɗaya daga rami da wanda ya bar maka mita biyu, kuma daga nan ake samun bugu uku a rami ɗaya. Faɗin kan yana ba da wurin zana dogon layin saiti. Odyssey 2-Ball, wadda ta fito a 2001, fararen da'irori biyu ne a bayanta masu girman ƙwallo. Ka jera su da ƙwallonka su zama uku a layi, ka san inda fuskarka ke kallo. A ganina har yau ba a yi wa ido mai koyo gata irin wannan ba. TaylorMade Spider ma malet ce mai kyau, sai dai tsada.

Yanayin garin nan ma yana bayan malet. Da damina ciyawa na yin kauri da laima, ƙwallo na tafiya a hankali, kan fota mai nauyin giram 350 zuwa 365 yana tura shi ba tare da ka sa ƙarfin wuyan hannu ba. Da hunturu ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo na tsalle, a nan kuma kwanciyar fuska, wato yadda fuskar fota ta ɗan kishingiɗa baya, ce abin dubawa: digiri 3 zuwa 4 ke ɗaga ƙwallo daga ɗan gurbin da ya zauna ya fara birgima. Wanda yake zuwa gasa a wasu filayen Arewa inda ake gangarawa a kan yashi maimakon ciyawa zai ƙara gode wa nauyin nan.

Fota mai siririn kai, irin Ping Anser da Karsten Solheim ya ƙera a 1966 da duk masu kwaikwayonta, sanda ce ta wanda ya riga ya iya samun tsakiyar fuska kullum. Doguwar fota da ake jinginawa a ciki ko ƙirji kuwa, an hana jingina ta a jiki tun 1 ga Janairun 2016, kada wani ya sayar maka da ita a matsayin maganin rawar hannu.

Gwaji biyu ne ba a tsallakewa. Na farko, ɗora karan sandar a kan yatsa har ya daidaita. Idan fuskar ta kalli sama, an yi ta ne don mai kai sanda baya ya dawo a miƙe. Idan hancin ya rusuna ƙasa, ta mai bugu a lanƙwashe ce. Don sanin irin bugunka, sa tii biyu (ƙananan tsinkayen da ake ɗora ƙwallo a kai) a ƙasa, tazararsu ta ɗan fi faɗin kan fota, ka yi bugu goma ta tsakaninsu, kadi, mai ɗaukar maka jaka, ya tsaya bayanka ya gaya maka irin tafiyar sandarka. Na biyu tsawo ne. Ana yin su inci 33, 34 da 35, kuma gwanjo ya fi zuwa da 35, wadda ta yi wa mutum mai matsakaicin tsayi yawa. Tsaya kamar za ka buga, ka saki wani ƙwallo daga karan hancinka: ya kamata ya faɗi a kan ƙwallon ƙasa ko ɗan ciki kaɗan ta wajenka. Idan hancin sanda ya ɗago daga ƙasa yayin da kake tsaye, ta yi tsawo, kuma ƙwallayenka za su riƙa zamewa hagu idan da dama kake bugu. Ana iya yanke kara, amma yanke inci guda yana sa kan ya ji sauƙi a hannu, sai an liƙa ɗan dalma a ƙasansa. Mariƙi mai kauri irin SuperStroke yana kwantar da wuyan hannu, kuma shi ne gyara mafi arha.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne jabu. Fotar Scotty Cameron ce aka fi kwaikwaya, musamman Newport 2. Sabuwarta ta asali ta haura dala 400, saboda haka duk wanda ya turo maka hotonta a WhatsApp, fil a leda, a kan kuɗin da bai kai rabin wannan ba, yana cewa wani Alhaji ne ya kawo daga Dubai ba ya so, ka riƙe kuɗinka. Ta asali an sassaƙa kanta ne daga dunƙulen ƙarfe, zanen injin a fuskarta a fili yake, farce na jin sa. Jabu zuba ta ake yi a mazubi, zanen ya fito a dishe, kusurwoyi a dakushe. Dubi fentin da ke cikin haruffa: na jabu yana malalowa waje ko ya bar ramuka. Dubi ƙananan ma'aunan nauyi biyu da ke ƙasan kai. A ta asali dunƙule suke da zare ana iya kwance su, a jabu sau da yawa manne su aka yi, wani ma a karkace. Shinshina mariƙin, na jabu warin taya yake yi. Rigar kan ma tana tona asiri, ɗinki a barbaje, zare na zazzagowa. Kuma lambar da aka buga a jiki ba hujja ba ce, masu jabu na buga lamba su ma.

Illar jabu ba ta tsaya ga suna ba. Nauyin kan na iya kaucewa da giram masu yawa, kwanciyar fuska ta zama ba ta kan ƙa'ida, sai mutum ya shafe watanni yana gyaran bugun da ba shi da laifi. Odyssey ma ba ta tsira ba. A nata, farin allon da ke manne a fuska za ka danna da babban yatsa: idan ya motsa, ko ka ga gam a bakinsa, ko sautin bugu ya fito kamar na fanko, ajiye ta. Ko ta asali ce, wadda ta daɗe a but ɗin mota cikin zafin Maris da Afrilu allonta na iya ɗagowa, mariƙin ya ƙone ya yi santsi. Sai kara: mirgina shi a kan tebur, kan yana lilo a waje, ka ga ko ya tanƙware, don masu fushi da fota a gwiwa suke huce haushi.

Kada ka biya kuɗin fotar da ba ka riƙe ba. Ka nemi mai sayarwa ya kawo ta kulob, ƙwararren wurin ya auna ta ya duba, ka yi bugu ashirin a girin na atisaye, goma daga mita biyu, goma daga mita goma. Tsohuwar 2-Ball ta asali mai inci 34, ko da fentinta ya goge, ka sa mata sabon mariƙi, ta ishi mai koyo shekaru. Mai sayarwar da ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka gani, ka bar masa kayansa.