Hattara da masu sayar da batirin lithium "sabo dal" a rabin kuɗi

Jama'a, duk wanda ke shirin mayar da mota ko adaidaita sahu mai amfani da lantarki, ko yake son haɗa batirin sola da hannunsa, don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. Ni da ƙanena mun yi asarar kuɗin da muka shekara muna tarawa, kuma mutumin da ya cuce mu har yanzu yana kasuwa.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 muka fara tunanin abin. Mun ga yadda Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan motocin bas masu aiki da lantarki a Maiduguri, muka ce mu ma bari mu gwada da tsohuwar Starlet ɗin da ke ajiye a garejinmu. Aikina waya da sola, ƙanena bakanike. Muka sauke injin, muka bar giyabos, muka haɗa masa injin lantarki mai 72V. Saura batir, kuma shi ne ya fi komai tsada a aikin. Muna buƙatar ƙwayar batir 24 na LiFePO4, wani nau'in batirin lithium, irin masu kusurwa huɗu da shuɗiyar riga, kowace 3.2V da 280Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka). In aka jera su suna ba da 76.8V, wajen 21.5kWh ke nan, kuma a lissafinmu za su kai motar kilomita ɗari da ɗoriya a caji ɗaya.

A wani zauren WhatsApp na masu sola muka haɗu da mutumin da ya cuce mu. Hotuna masu kyau, kwalaye jere a sito, farashi kuma kusan rabin na kasuwa. Da na tambaye shi dalilin arahar, sai ya ce wai ragowar kayan wata kwangila ce da aka fasa, yana so ya fitar da kuɗinsa. Ya kira ni ta bidiyo yana ɗora mita a kan ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace tana nuna 3.29 ko 3.30. Yana ta cewa, "Malam, ka gani da idonka, duk kansu ɗaya, mita ba ta ƙarya."

A nan tarkon yake, kuma shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. Wannan lambar da mita ke nunawa ba ta gaya maka yawan wutar da batir zai iya ɗauka. Batirin LiFePO4 yana zama tsakanin 3.2V da 3.3V a kusan duk tsawon aikinsa, ko ya kusa cika ko ya yi nisa da sauka. Ƙwayar da ta tsufa har ba ta riƙe rubu'in abin da aka rubuta a jikinta, in ka yi mata caji, lambar da sabuwa za ta nuna ita ma za ta nuna. Kamar randa ce da laka ta cika cikinta: ruwa ya kawo har baki, amma guga biyu ka ɗiba ka tarar da ƙasa.

Ban yarda haka kawai ba, na ce ya aiko da samfur. Ya aiko guda biyu. Na yi musu caji zuwa 3.65V, na sauke su zuwa 2.5V da na'urar gwaji, duka biyun suka ba da abin da aka rubuta. Hankalina ya kwanta. Muka tura kashi 70 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami, ya saka sauran 22 a mota, direba ya kira mu daga tasha, muka cika masa kuɗinsa kafin mu buɗe kwali ko ɗaya. Waɗannan biyun masu kyau su ne jarinsa. Da su yake sayen amanar mutane.

Muka haɗa batirin, muka sa masa BMS, wato na'urar da ke sa ido a kan kowace ƙwaya tana yanke wuta in ɗaya ta wuce iyaka. Ranar gwaji muka kama hanyar Zariya, muka je Kura, da kaɗan muka juyo mota ta ɗauke. Kilomita 34 kacal. Na buɗe manhajar BMS a waya: ƙwaya ta bakwai ta faɗi 2.5V, sauran suna 3.2V. Batirin da aka jera haka, mafi rauni a cikinsu ita ke yanke wa kowa hukunci. Tana ƙarewa tafiya ta ƙare, ko da sauran 23 suna da wuta.

Na kira shi a bakin titin. Abin da ya ce shi ne ya fi ba ni tsoro fiye da asarar kuɗin: "Oga, BMS ɗinka ne ba shi da kyau, cire shi ka haɗa kai tsaye, za ka ga aiki." Wallahi duk wanda ya ba ka wannan shawara bai damu da ranka ba. Babu BMS, raunanniyar ƙwayar za ta riƙa zarce iyaka wajen sauka, wajen caji kuma ita za ta fara cika, caja ta ci gaba da dura mata wuta. Daga nan sai kumburi, sai zafi, sai ta fara fitar da iska mai kama wuta. Gaskiya ne LiFePO4 ya fi sauran nau'o'in lithium wuyar kamawa da wuta, amma wannan batir ne da ke ƙarƙashin kujerar da iyalinka za su zauna, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.

Muka kwance komai, na zauna gwada su ɗaya-ɗaya. Aiki ne mai cin rai, domin ƙwaya mai 280Ah in kana jan 20A sai ta yi awa 14 kafin ta sauka. Namu ba su ɗauki haka ba. Wadda ta fi kyau cikin 22 ɗin ta ba da 190Ah, ta bakwai ɗin nan 70. Da na sa reza na yaye shuɗiyar rigar, sai ga ragowar gam na tsohuwar riga a ƙasa. Wurin da lambar QR ta kamfani take an goge shi da sanfefa, an manna sabuwar takarda a kai. Ramin da ake ɗaura noti ya sha ɗauri har zarensa ya cinye. Na ɗora rula a jikin guda biyu, rular tana lilo, alamar sun taɓa kumbura aka matse su. Tsofaffin batura ne da suka gama aikinsu a wani wuri aka sake musu riga. Washegari na neme shi, ya toshe lambata.

Mu sikeli bai taimake mu ba, domin tsohuwar 280Ah da sabuwa nauyinsu ɗaya, wajen kilo 5.4. Amma akwai wata damfarar da sikeli ke tonawa nan take, kuma ita ta fi cin masu haɗa batirin babur da keke. Ƙananan ƙwayoyin nan masu kama da yatsa da ake kira 18650, irin na cikin batirin kwamfutar cinya. Manyan kamfanonin da ke yin su, irin su Samsung da LG da Panasonic, mafi ƙarfin da suka saba fitarwa bai wuce wajen 3,500mAh ba, nauyin kowace kuma tsakanin giram 45 zuwa 50. Duk wadda ka ga an rubuta mata 9,800mAh ko 9,900mAh, ba sai ka gwada ba, ƙarya ce. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya sayi ɗari don babur ɗinsa. Muka ɗora ɗaya a sikelin masu gwal, giram 28. Da muka sauke mata wuta gaba ɗaya muka yanka ta, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce a ciki, sauran wurin an cika shi da gari. Kada wanda bai san aikin ba ya ce zai yanka batir don ya gani, in da sauran caji a ciki wuta zai tayar.

Da za a maimaita, ga yadda zan yi. Ba zan karɓi samfurin da mai kaya ya zaɓo mini ba. Zan je inda kayan suke, in sa hannu a kwali in zaro waɗanda na ga dama. Zan auna turjiyar cikin kowace ƙwaya, wato yadda take tare wa wuta hanya, da mitar da aka yi don haka, wannan daƙiƙa kaɗan yake ɗauka, kuma sabuwar 280Ah ba ta wuce 0.25 milliohm (ma'aunin turjiya), tsohuwa kuwa lambarta tana hawa. Zan duba lambar QR ko an taɓa ta, in ɗora rula a jikin kowace. Sannan a rubuta a takarda, gaban shaidu, cewa rabin kuɗin zai tsaya a hannuna har sai na gama gwajin saukewa, duk wadda ta gaza a mayar. Ɗan kasuwar kirki ba ya gudun wannan sharaɗi. Wanda ya fara cewa wasu na jiran kayan, ka yi sauri kafin yamma, ka bar masa abinsa.

Ba laifi ba ne sayen batir na hannu. Akwai masu sayar da waɗanda aka ciro daga motoci irin Nissan Leaf, suna gaya maka na hannu ne, suna nuna maka abin da ya rage a cikinsu, farashin kuma daidai da haka. Wannan ciniki ne na halal. Zaluncin shi ne a sa wa tsoho riga a karɓi kuɗin sabo.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya ajiye rasit ɗin tura kuɗi da hirarsu da hotunan kayan, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ya kuma shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Mu mun yi, muna jira.

Makon jiya wani abokin aikina ya turo mini talla daga wani zauren daban. Suna ya canza, lambar waya ta canza, amma hoton siton nan ne, da kwalayen nan, har da hannun da ke riƙe da mita tana nuna 3.30. Don Allah ku tura wa 'yan uwanmu masu sola da masu adaidaita sahu.