Mitar awon wuta UT210E da na saya a Wunti, bayan wata uku ina aiki da ita

Jama'a salamu alaikum. Wasu sun ta tambayata kan 'yar mitar nan ta UNI-T da suke gani a shagona na cajin waya, shi ne nace bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. A kasuwar Wunti na saye ta nan Bauchi, irin mai baki ce kamar na ƙaguwa, ka buɗe bakin ka kama wayar wuta ɗaya sai ta nuna maka am nawa ke wucewa, wato yawan wutar da ke bi ta cikinta, ba sai ka yanke waya ba. Tana awon wutar gida da ta batir duka har am 100, tana awon bolt, tana awon om, batir ƙanana AAA guda 2 take ci. Ta fi 'yar mitar nan rawaya da ake sayarwa ko'ina tsada sosai, amma ni dai wallahi ta biya kuɗinta tun satin farko.

Abin da ya sa na saya, solar shagon ce ta dame ni. Batir 12 bolt, inbata ƙarama, amma kafin la'asar ta fara kuka, kuma kebur ɗin da ya haɗa batir da inbata in ka taɓa zafi rau kamar an ɗauko daga wuta. Wanda ya haɗa min ya ce batir ne ya mutu in canza, ni kuma raina bai kwanta ba don batirin ko shekara bai yi ba.

Ku sani mitar ba ta nuna wat, wato ƙarfin wutar da abu ke ci, kai za ka yi lissafinka, kuma lissafin layi biyu ne kacal. Bolt sau am shi ne wat. Bolt raba am shi ne om, wato turjiyar da abu ke yi wa wuta, wannan ita ce dokar Ohm da aka koya mana a sakandare, wani Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da ita a 1827. Da na kama kebur ɗin lokacin da shago ya cika da wayoyi ga fanka ga firij ɗin ruwan sanyi sai na ga am 40. Na auna bolt a kan batir 12.2, na auna a bakin inbata 11.4, kun ga 0.8 ya ɓace a hanya kenan. 0.8 raba 40 ya ba ni om 0.02, kamar ba komai ba ko? To 0.8 sau 40 wat 32 ne, wat 32 kullum tun safe yana tafiya wajen gasa kebur, kuma inbata tana ganin 11.4 sai ta ɗauka batir ya kusa ƙarewa ta fara ƙara alhali da sauran caji. Wayar ce siririya kuma doguwa, ga wani noti ya saki ya yi tsatsa. Na sa mai kauri, na matso da inbata kusa da batir, na ɗaure da kyau, faɗuwar ta koma wajen 0.2. Batirin da aka ce ya mutu har yau shi nake amfani da shi, abin da ya ƙona min rai shi ne saura kaɗan in ci bashi in sayi sabo a banza.

A gida ma na gwada da dutsen gugar maman yara. Ranar da wuta ta zo da ƙarfi 220 ya ja am 4.5, wat 990 kenan, om ɗinsa wajen 49. Da daddare wuta ta sauka 170 sai ya koma jan am 3.5, ka lissafa za ka ga bai kai wat 600 ba. Ita ta ɗauka dutsen ne ya lalace don ba ya zafi, nace mata lafiyarsa ƙalau wutar ce ba ƙarfi, bolt ya ragu kaɗan amma zafi ya ragu kusan rabi saboda am ma ya bi shi ya sauka.

Abubuwan da za ku kula dan Allah. Waya ɗaya ake kamawa, in ka kama igiyar ekstenshan gaba ɗaya sifili za ka gani don mai kai wuta da mai dawowa suna kashe juna. In awon batir ne danna maɓallin ZERO kafin ka kama, in ba haka ba lambar za ta ɗan kauce. Kada ka taɓa auna om alhali abu na jone da wuta, cire shi tukuna. Sannan lissafin bolt sau am yana fita daidai ne a batir da abubuwan zafi irin dutsen guga da hita, amma mai mota a ciki kamar fanka, firij ko famfon rijiya lambar da za ka samu ta ɗan fi ainihin wat ɗin da yake ci, duk da haka ita ce za ka duba wajen zaɓen girman inbata ko janareta.

Masu shagon caji, masu aski, masu sayar da ƙanƙara, duk wanda ke da sola ina ba shi shawara ya nemi irinta. In za ka saya ka ce mai shago ya sa batir a gwada a gabanka, kuma ka tabbata an rubuta DC, wato wutar batir, a wajen am ɗin, don da yawa masu baki irin wannan wutar gida kawai suke aunawa, ba za su karanta maka na batir ba.