Kit ɗin wuta na lantarki a madadin kontak: yadda ya kasance a injin Beetle

Duk mai riƙe da tsohuwar Volkswagen Beetle a garejin gida, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Ojo ta Legas tun 1975, ya san aikin da ba ya ƙarewa: a buɗe marfin distiributa, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogai, a goge kontak, ƙarafan nan biyu da ke buɗewa su yanke wutar kwayil, a gyara gibi, a sake taimin. Kit ɗin lantarki da ake sakawa cikin distiributa an yi shi ne don ya raba mutum da wannan aikin. Kamfanoni da dama na yin sa, irin su Pertronix da Powerspark da Accuspark, ga kuma marasa suna da suka cika kasuwa, amma ginin kusan ɗaya ne. Wanda na gwada yana kan injin 1600 mai batir bolt 12, da distiributar Bosch mai gwangwanin bakyum da kuma ƙarafan nauyi a ciki, waɗanda ke kai wuta gaba idan an taka totur. Sai da ya ga bazara da damina da ƙurar hunturu kafin na yarda in ce wani abu a kansa. Ya ci kuɗinsa. Sai dai ba ya yin rabin abin da masu sayar da shi ke faɗa, kuma hanyoyin kashe shi sun fi hanyoyin kashe kontak yawa.

A fara da ciwon da yake magani. Gibin kontak na Beetle milimita 0.4 ne, wanda a mita yake ba da kusurwar rufewa tsakanin digiri 44 da 50. Ɗan dunduniyar da ke gogar kam ɗin distiributa yana cinyewa a hankali, musamman idan ba a shafa masa giris ba, ko kuma ƙura ta haɗu da giris ɗin ta koma kamar sanfefa. Yana cinyewa gibi na tsukewa, gibi na tsukewa wuta na makara. Mota sai ta yi nauyi, ta riƙa shan mai, ta riƙa zafi, kai kuwa kana can kana zargin kafireto. Ga kondensa kuma, wadda idan ta raunana sai bakin kontak ya ƙone, gefe ɗaya ya yi rami, ɗayan ya yi tsiro. Sababbin kondensa na yanzu, gaskiya, da yawansu ba su kai na da ƙarko ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya tura mutum neman mafita.

Abin da ke cikin kwalin bai taka kara ya karya ba: ƙaramin modul, wato ɗan akwatin lantarkin da ke yin aikin kontak, a kan faranti, zoben roba mai maganaɗisu huɗu a ciki, wayoyi biyu, ja da baƙa, sai robar da ke toshe ramin da wayar kondensa ke bi. Zoben yana zama a kan kam, yana juyawa tare da sandar distiributa. Duk maganaɗisun da ya gifta gaban modul, sai modul ya yanke wutar kwayil, fulogi ya ba da tartsatsi. Ba abin da ke gogar wani, don haka ba abin da zai cinye.

Kafin ka taɓa sukundireba, auna kwayil. Nan ne yawancin kit ke mutuwa tun ranar farko, a ce jabu ne. Cire wayoyin da ke kan ƙafafun kwayil biyu, mai lamba 1 da mai lamba 15, ka sa mita a ma'aunin om. Abin da ake nema om 3 zuwa 4 ne. Shuɗiyar kwayil ta Bosch tana faɗawa daidai nan. Haɗa bakin wayoyin mitar da juna tukuna ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, ka debe shi daga sakamakon, domin ƙananan mitoci kan ƙara ɗan wani abu. Lissafin mai sauƙi ne: bolt 12 a kan om 3 amfiya 4 ke nan, modul zai ɗauka. Kwayil mai om 1.5 za ta ja amfiya 8. Ta motocin zamani, wadda ba ta ko kai om ɗaya ba, ba sai an faɗa ba. Tsohuwar mota ta bi ta hannun rewaya da yawa, kada ka yarda da launin kwayil ko takardar da ke manne a jikinta, ka yarda da mita.

Ɗaurawar ba ta da wuya. Cire ƙafar batir ta ƙasa, wato wadda aka haɗa da jikin mota. Ɗauke marfi da rota, kwance sukuru ɗaya da ke riƙe kontak, cire kondensa daga jikin distiributa, ka goge farantin tas da tsumma da ɗan fetur, domin ta jikin farantin modul ke samun ƙasa kuma ta nan yake sauke zafinsa. Idan an haɗo da farin man shafawa a kwalin, na ƙasan modul ne, a shafa siriri. Zoben yana shiga kam da ɗan ƙarfi. Juya shi har ka ji ya dace da kusurwoyin kam ɗin sannan ka danna shi har ƙasa. Idan bai sauka sosai ba rota ba za ta zauna ba, za ta ci cikin marfi. A kit masu gibin da ake saitawa, kusan milimita 0.8 ne tsakanin zobe da modul, kuma sukan zo da ɗan ma'aunin roba. Jar waya zuwa 15, baƙa zuwa 1. Duba sau biyu. Juya su na daƙiƙa guda ya isa ya ƙone modul, kuma ba ya gyaruwa.

Abu biyu takardar kwalin ba ta tsaya a kansu ba, alhali su ne ke kawo matsalar da ke sa mutum ya yi ta kewaye. Na farko, farantin distiributa mai bakyum motsi yake yi, don haka a bar wa wayoyin ɗan sako-sako a ciki, amma ba har su taɓa zobe ba. Tsotsi tiyon bakyum da baki ka ga farantin ya motsa ba tare da waya ta ja shi ba. Idan ka toshe da harshe kuma bai tsaya ba, tantanin gwangwanin ya huje. Na biyu, akwai 'yar kitsattsiyar wayar tagulla da ke haɗa farantin da jikin distiributa. Idan ta tsinke, mota za ta yi silo lafiya, kana taka totur sai ta fara misin. Sai kuma a tuna cewa wayar da ke kawo wuta ƙafa ta 15 a Beetle ba ta bi ta fiyus ba, kuma daga nan cok da ɗan bawul ɗin lantarki na kafireto ke shan wuta. Sakakken kan waya a wurin zai iya narkar da waya tun daga injin har gaban mota.

Taimin zai kauce, babu makawa, ko da ba ka motsa distiributa ba, domin inda maganaɗisu ke yanke wuta ba daidai yake da inda kontak ke buɗewa ba. Nan na fi son a daɗe, don injin Beetle iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma wutar da ta yi gaba da yawa ramin fistin take haƙawa. Saita bawul tukuna, injin na sanyi, milimita 0.15 duka takwas. Sannan ka tabbatar da alamar fuli. Fulin Beetle kala-kala ne, tsagar da ke jikin wani tana nufin ƙololuwar hawan fistin, ta wani digiri 7.5 ko 10 kafin nan, ta wani ma digiri 5 bayan nan, kuma ba lalle fulin da ke kan injinka shi ne na asali ba. Cire fulogin silinda ta 1, wato ta dama wadda ke can ciki wajen gaban mota, ka sa ɗan tsinken roba, ka juya injin da hannu har ka gano inda fistin ya ƙure, ka yi alama da fenti daidai tsagar da ta raba gidan injin biyu. Auna kewayen fulin da zare, ka raba gida 12: wannan tsawon shi ne digiri 30. A fulin asali yakan kama kusan milimita 46. Auna shi zuwa dama daga alamar farko, ka yi ta biyu.

Ta da injin ya ɗumama, cire tiyon bakyum ka toshe shi, maƙala fitilar taimin a wayar fulogi ta 1, ka ɗaga totur har alamar ta daina tafiya, wajen juyi 3,000 zuwa 3,500 a minti. Sassauta noti mai lamba 10 na maɗaurin distiributa. Juya ta hagu, wato saɓanin hannun agogo, yana kai wuta gaba, dama yana mayar da ita baya. Iyakar da aka saba ita ce digiri 28 zuwa 32. A zafin Afrilu na Arewa, da fetur ɗin da ba ka san ingancinsa ba, ni ba na wuce 30. Duk inda silo ya faɗa bayan haka, wajen digiri 7 ko 8 galibi, a bar shi, a gyara juyinsa zuwa 850 ko 900 ta kafireto. Wannan hanya ta distiributa mai ƙarafan nauyi ce. Wadda bakyum kaɗai ke ja mata wuta, idan ka cire tiyo ba za ta motsa ba, ita da adadin littafinta ake saita ta.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. A tsofaffin injinan da kular mai ke zaune cikin gidan fanka a kan hanyar iskar silinda ta 3, wannan silinda ta fi sauran zafi, shi ya sa aka yi wasu distiributoci da kam mai jinkirta mata wuta da kusan digiri 3. Zoben maganaɗisu bai san da wannan ba, huɗun daidai wa daida yake ba su. Mai irin wannan injin yana da ƙarin dalilin tsayawa a 28 zuwa 30.

To me ya canza a kan hanya? Tashin safe ya fi sauri, musamman da sanyin hunturu. Silo ya daidaita, alamar fuli a ƙarƙashin fitila ta daina rawa ta tsaya cak. Babban abin shi ne bayan watanni, da na sake haska fitila, alamar tana nan inda na bar ta. Ƙarfi kuwa, babu wani ƙari a kan kontak sabo da aka saita daidai. Masu cewa motarsu ta koma sabuwa, da lalataccen kontak suke kwatantawa. Haka ma shan mai. Kada kuma a buɗe gibin fulogi da sunan wuta ta ƙaru; kwayil ɗin dai ita ce, a bar Bosch W8AC ko NGK B5HS a milimita 0.6 zuwa 0.7. Kuma idan motar tana wahalar tashi bayan an kashe ta da zafi, kit ba zai hana ba, wannan fetur ne ke tafasa a kafireto da famfon mai.

Ba ya kuma gyara distiributar da ta gaji. Kama sandar ka girgiza gefe da gefe. Idan tana lilo, zoben zai goge modul. Murɗa rota da hannu ta ɓangaren da take juyawa ka saki, ya kamata ta dawo da kanta. Idan ta maƙale, ƙarafan nauyin sun yi tsatsa, wuta ba za ta yi gaba ba ko wane irin kit ka sa. Ɗigon baƙin mai a kan ɗan audugar da ke ƙarƙashin rota yana nan daram a jerin aikin sabis, mutane kan manta da shi da zarar sun daina buɗe marfi.

Aibin kit na gaske shi ne yadda yake mutuwa. Kontak yakan yi gargaɗi, ya yi tari, ya yi misin, ka kankare shi a bakin hanya ka ƙarasa gida. Modul ɗauke wuta yake yi gaba ɗaya. Masu araha ba sa jure a bar makulli a buɗe injin na kashe, domin idan maganaɗisu ya tsaya a inda modul ke ba kwayil wuta, duka biyun za su yi ta gasuwa. Mai son jin rediyo a tsaye ko mai bin wayoyi da makulli a buɗe, ya zare jar wayar tukuna. Dabarar nan ta cire kan batir injin na aiki don a ga ko ana caji, ita ma kisa ce. Mita za a sa, a ga bolt 13.8 zuwa 14.4; abin da ya haura haka sosai, regileta ce ta lalace. Haka zare babbar wayar kwayil a bar ta a iska ana ba da kik, haka walda a jikin mota ba a cire batir ba. Idan mota ta mutu kana zarginsa, sa ƙaramin kwan gwaji tsakanin ƙafa ta 1 da jikin injin, wani ya ba da kik. Kwan yana ƙyaftawa, modul na da rai, nemi laifin a kwayil ko rota ko marfi. Ya kama ya tsaya, ko bai kama ba sam alhali akwai wuta a 15, galibi modul ne ko wayarsa.

Masu Fijo 504 ma suna samun irin wannan kit, amma kada a sayi kit da sunan mota. Da lambar da ke jikin distiributa ake saye: ta Bosch tana farawa da 0 231, ta 504 kuwa sau da yawa Ducellier ce, farantinsu da kam ɗinsu daban. Su kuma su tuna silinda ta 1 a injin Fijo tana can baya wajen kuloci. Tsofaffin Beetle masu batir bolt 6 nasu kit ɗin daban ne.

Wanda motarsa ke fita sau biyu a shekara, kuma yana jin daɗin zama da fila geji da yamma, ba ya bukatar wannan kaya. Wanda yake hawanta kowane mako, ya saka. Amma kada kontak da kondensa da ɗan sukurunsu su bar akwatin gaban mota. Abin da ya fi wannan ma, a nemi wata distiributa ta biyu, a ɗaura mata kontak, a saita taiminta a kan injin, sannan a cire ta tare da maɗaurinta ba tare da an sassauta noti mai lamba 10 ba. Noti ɗaya mai lamba 13 ke riƙe maɗaurin a jikin injin, haƙorin ƙasan sandar kuma ba a tsakiya yake ba, hanya ɗaya kawai yake shiga. Ranar da modul ya ɗauke a hanyar Zariya, sifana 13 ce, da waya ɗaya zuwa ƙafa ta 1, da wayoyin fulogi bisa jerin 1-4-3-2.