Kujerar Turai da keken mai walda: shekara biyu da su a Garwa

Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku, tun daga nan ƙafafuna ba su sake ɗaukata ba. A watan Agustan 2020 aka ba da sanarwar cewa Afirka ta rabu da nau'in cutar na daji, alhamdu lillahi, amma mu da ta riga ta taɓa muna nan, kuma abinci sai an fita nema. Cajin waya nake yi kusa da babbar kasuwar Garwa a Kamaru, gida kuwa unguwar Yelwa. Abin hawa biyu gare ni, kujerar guragu ta Turai da keken guragu da mai walda ya ƙera, kuma ana yawan tambayata wanne ya fi.

Kujerar kyauta na same ta, a taron 3 ga Disamba na ranar nakasassu ta duniya. Wasu 'yan sa-kai ne suka kawo, biyu daga Faransa, sauran ɗalibai 'yan gari. Gaskiya sun burge ni. Na saba da masu miƙo kaya su ɗauki hoto su wuce, su kuwa tef suka fito da shi. Suka auna ƙuguna da tsawon cinyata, suka tambaye ni awa nawa nake yi a zaune. Baturiyar ta koya mini in riƙa ɗaga jikina da hannu lokaci-lokaci don kada zama ya haifar da gyambo. Matashin zaman da suka yanka daidai jikina shi ne mafi darajar abin da na samu ranar. Ciwon bayan da na ɗauka ƙaddara ce, ashe zama kan katako ne ke jawo shi.

A cikin gida kujerar ba ta da na biyu. Tana shiga ɗaki, tana juyawa a zaure, tana naɗewa a jefa ta bayan mota. Matsalar tana farawa daga bakin ƙofa. Ƙananan tayoyin gaba an yi su ne don siminti, su kuwa lungunanmu yashi ne. Taku goma sun nutse, sai na jira yaro ya tura ni. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, ƙarfen da ake turawa da hannu ƙuna yake yi, sai da tsumma. Wata na biyar tayar gaba ta hagu ta karye. Na zaga masu gyara, kowa ya juya ta ya ce, "Malam, wannan ba irin namu ba ne." Turawan sun koma bayan mako uku, lambar da suka bari kuma ba ta shiga.

Keken guragu mai ƙafa uku da kuɗina na yi shi, wajen wani mai walda. Ba shi da kyan gani, fenti ma da hannu aka shafa. Tayoyinsa na keke ne, sarƙarsa ta keke, birki na keke, feda kuma da hannu ake juya ta. Ko ina na yi faci akwai mai gyara kusa, kuma kuɗin shayi ya isa. Yana ratsa yashi, yana tsallake kwata, ga akwati a baya da nake zuba caja da batura. Da damina na bi ruwa da shi ban tsaya ba.

Shi ma da nasa. Nauyi ne da shi, hawa tudu sai kafaɗa ta gaya maka. Sarƙa tana zamewa in ta sassauta, waldar ƙarƙashin mazauni ta tsage sau ɗaya, birkin kuma ba na sakin jiki da shi a gangara. Ba ya shiga ɗaki. A masallaci waje nake barinsa in ja jiki, haka ma a ofisoshi masu matakala, duk da dokar Kamaru ta 2010 da ta yi maganar haƙƙinmu.

Wanda ya haɗa mini biyun wani ɗalibi ne cikin 'yan sa-kan, shi kaɗai ya ci gaba da leƙo ni. Ya ga katakon keken ya ce, "Yaya, wannan zai mayar da kai gidan jiya." Ya ciro matashin daga kujerar, ya sa tela ya ɗinka masa riga da igiya, muka ɗaure a keken. Shi ya raka ni neman katin nakasa a ofishin jin daɗin jama'a.

Tsoho ko majinyaci da ke wuni a gida, kujerar ta fi masa, in dai ya roƙi tayar gaba ta ajiya tun ranar karɓa. Mai fita nema ya nufi mai walda, ya ce a ninka waldar mazauni. Ni dai da keken nake zuwa filin Roumdé Adjia kallon ƙwallon Coton Sport, kujerar kuma tana jingine a ɗaki da ƙafa uku, tana jiran taya.