Shagon tsofaffin littattafai na wajen Kabuga: na samu biyan buƙata, amma ku ƙirga shafuka

Tambayar wata ɗalibata 'yar aji biyar ce ta kai ni shagon nan. Muna tsakiyar darasin tauhidi ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wanda bai yarda akwai Allah ba zai iya zama mutumin kirki?" 'Yan bayan aji suka ɗauki salati. Na ce mata sai mako mai zuwa, don gaskiya ba ni da amsar da zan iya tsayawa a kanta. Da na duba a waya, zage-zage kawai na tarar ta ko'ina.

Shagon yana cikin layin masu fotokofi kusa da tsohuwar jami'ar Bayero, ba shi da allon suna. Ɗaki ne guda, littattafai jibge har rufi, wasu a buhun shinkafa. Mai shi dattijo ne, ƙafar tabaransa ɗaya a ɗaure da zare. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, littafi nake nema a kan kafirai." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wanne daga ciki, Malam? Bamaguje ya san da Allah, iskoki ya haɗa. Kirista ma ya san da Shi. In wanda ya ce babu mahalicci kake nufi, mulhidi za ka ce." Ni da nake koyar da addini shekara tara, kunya ta kama ni.

Bai miƙo min komai ba sai da ya zaunar da ni a benci ya warware min kalmar. Ta Turanci, wato "atheist", daga Girkanci take, ma'anarta "marar abin bauta", kuma an daɗe ana jifan mutane da ita ba bisa ƙa'ida ba: Romawa ma haka suke kiran Kiristocin farko don sun ƙi bauta wa gumakan daula. Ya ce su kansu masu ra'ayin ba baki ɗaya suke ba. Akwai mai cewa tabbas babu, akwai mai cewa shi dai hujja ba ta gamsar da shi ba, sai kuma mai cewa ɗan Adam ba shi da hanyar sani, wanda Thomas Huxley na Ingila ya ƙirƙiro wa suna "agnostic" a 1869. Sannan ya tuna min abin da na haddace tun ina makarantar allo: aya ta 24 a Suratul Jasiya, masu cewa ba abin da ke halaka su sai zamani. Daga nan malamanmu suka samo sunan Dahriyya, don "dahru" shi ne zamani da Larabci.

Littafi uku na saya. Fassarar Munƙiz na Imam Gazali, wani ƙaramin littafin gabatar da falsafa na ɗaliban jami'a, da wani na wani Bature mulhidi. Na ukun daga cikin kwali a ƙarƙashin tebur ya zaro shi, ya naɗe a jarida. Ya ce tun da kotu a nan Kano ta yanke wa Mubarak Bala, wani mulhidi da aka zarga da ɓatanci ga addini, ɗaurin shekara 24 a 2022 ba ya ajiye irinsu a fili, sai ya ga fuskar mai nema. Ban ga laifinsa ba.

Ƙaramin nan na falsafa shi ya fi min amfani. A ciki na ga tambayar da Aflatun ya rubuta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce: abu yana zama mai kyau ne don an yi umarni da shi daga sama, ko an yi umarnin ne don dama mai kyau ne? Ina karantawa na ajiye littafin na yi dariya ni kaɗai, don wannan ita ce muhawarar mazhabobin tauhidi biyu, Ash'ariyya da Mu'utazila, a kan husunu da ƙubuhu, wato kyau da muni, wadda aka karantar da mu a zaure ba mu san inda ta dosa ba. Mu'utazila sun ce hankali yana gane kyau da muni da kansa, Ash'ariyya suka ce shari'a ce ke tabbatar da su. Mulhidi yana gina ɗabi'arsa a kan hankali da tausayi da gudun cutar da wani. Ko wannan tubali zai riƙe gini, nan ne muke rabuwa da shi, amma cewa ba zai iya riƙe amana ko tausayin maraya ba, wannan ba ta tsaya ba.

Na Baturen kuwa ya ba ni haushi. Yana tutiyar buɗaɗɗen tunani, amma duk mai imani a wurinsa wawa ne. Da na koma na faɗa wa Baba, sai ya ce ai rufe kunne ba shi da addini. Ya kawo misalin Gazali, wanda ya fara zayyana ra'ayin 'yan falsafa dalla-dalla kafin ya yi musu raddi, da Antony Flew, masanin falsafa na Ingila, wanda ya shafe rabin ƙarni yana kare ilhadi, wato ra'ayin mulhidai, ya zo a 2004 yana da shekara 81 ya ce yanzu ya yarda akwai mahalicci, ko da yake bai shiga wani addini ba.

Sai abin da ya ɓata min rai. Munƙiz ɗin da na biya naira dubu huɗu, shafi goma sha shida babu a tsakiyarsa, daidai inda ake maganar Dahriyya, gara kuma ta ci gefen sauran. Na mayar, ya ce abin da ya fita ya fita. Da ƙyar ya yarda ya ara min nasa na kai maƙwabcinsa aka yi min fotokofi, da kuɗina. Ba ya karɓar kati, farashi kuma a bakinsa yake, sai ka taya. Ƙura kam, mai asma ya tafi da takunkumi.

Ranar Litinin na ba yarinyar amsa iya abin da na gane. Ta rubuta a littafinta, sannan ta tambaye ni ko Baban yana sayar wa 'yan makaranta. Na ce sai dai ta zo da mahaifinta, da safe kafin azahar, don in ya tafi masallaci ba ya dawowa da wuri.