Tsohuwar Mathmos ta gwanjo ko sabuwar Lava daga Amurka: wacce zan saya?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, na bari sai na samu natsuwa saboda ba amsar layi biyu bace. In na fahimce ka daidai, fitilar laba, wato fitilar adon nan mai kwalbar ruwa da kaki ke hawa da sauka a cikinta, guda biyu ne a gabanka: tsohuwar Mathmos Astro da ka gani gun mai kayan gwanjo, ruwanta ya yi hazo kuma babu ƙwan fitila a ciki, sai kuma sabuwa fil ta kamfanin Lava mai inci 14.5 da yayanka yace zai taho maka da ita daga Amurka, kuma kuɗin kusan ɗaya ne. Kana tambaya wacce tafi.

Ni dai tsohuwar zan ɗauka, in har kwalbar bata tsage ba. Nasan zakaji abun wani iri, mutum ya bar sabuwa a kwali ya ɗauki wadda ruwanta yayi kamar farau-farau, amma bari kaji dalili.

Da farko su biyun 'yan gida ɗaya ne. Wani Bature ɗan Ingila Edward Craven Walker ne ya fito da ita a 1963, ya sa mata suna Astro, kamfaninsa Crestworth yana garin Poole a kudancin Ingila. Shi wannan kamfanin ne ya koma Mathmos a 1992, kuma har yau a Ingila suke haɗawa. Ita kuwa ta Amurka, a 1965 wasu 'yan kasuwa biyu suka ganta a wani baje koli a Turai suka sayi izinin yinta a ƙasarsu, suka buɗe masana'anta a Chicago suna sayar da ita da sunan Lava Lite. Yanzu ba a Chicago ake yi ba, tun farkon shekarun 2000 aikin ya koma China, sunan kuma yana hannun kamfanin kayan wasa Schylling. Kaga kenan aikinsu iri ɗaya ne: kaki ne irin na kyandir da aka ƙara masa nauyi har ya ɗara ruwan da yake ciki da ɗan kaɗan, ƙwan da ke ƙasa ya gasa shi, ya narke ya kumbura ya yi sauƙi ya tashi sama, can ya huce ya sake nauyi ya gangaro. Shikenan sirrin. Babu inji babu famfo, zafin ƙwai ne kawai ke tuƙa komai, shi yasa in ka saka ƙwan LED zaka kwana kana kallon kwalba babu abinda zai motsa.

Toh tunda ƙwai ne komai, nan bambancin farko ya fito, kuma shi ne wanda mutane basa tunawa sai sun jona. Wutar Amurka bolt 120 ce. Tamu 230 ce, irin ta Ingila, har filogin mai ƙafa uku ɗinnan nasu shi ne namu a Najeriya. Mathmos ɗin da aka yi wa kasuwar Ingila kana kaita gida soket kawai zaka cusa. Ta Amurka kuwa sai da ƙaramar taransifoma mai rage wuta, sitef-dawun ɗinnan, in ba haka ba ƙwan zai yi wani haske fau sau ɗaya ya mutu. Ya faru dani, da hannuna na jona don ɗoki ko takardar dake manne a ƙasan gindin ban duba ba, ƙiftawar ido ƙwai ya tafi, na zauna ina kallon kwalba kusan wata biyu kafin na samu wanda zai zo min da wani. Don ba kowane ƙwai ke shiga ba, yawancin ƙananan na Amurka bakinsu E17 ne, wato faɗin milimita 17, mu kuma ƙananan ƙwayayen da ake samu a shagunan kayan wuta E14 ne, irin na firji da oban. Milimita uku ne tsakani amma ba zai zauna ba ko ka yi yaya. Tsofaffin Mathmos da yawa E14 suke ci, ka duba wat ɗin da aka rubuta a jiki ka nemi ƙwan oban mai wannan wat ɗin, ya wadatar. In bakin ba na murɗawa bane, mai ƙafa biyu ne gajeru, to halojin ne GU10, shima ana samu. Ɗan ƙarin bayani: akwai Lava da ake yi wa kasuwar Turai masu bolt 230, amma wadda yayanka zai ɗauko daga kanti a Amurka 120 ce, kar ma ka yi tantama. In ka nace sai ita, ce masa ya haɗo da ƙwai mai wat 25 kamar guda shida.

Sai maganar girma, wannan ba sai na ja ba. Inci 14.5 kusan santimita 37 ne, kwalbar kuma bata kai lita ɗaya ba, ɗan fiye da rabin lita ce. Astro ta fita tsayi da kauri. A ido ba wani abu bane amma a aiki akwai bambanci, ƙaramar kwalba tana saurin ɗaukar zafi tana saurin wuce gona da iri.

Wanda ya kawo mu kan zafi, ainihin matsalarmu kenan. Waɗannan fitilun an auna su ne da ɗakin da yake wajen digiri 20 zuwa ashirin da 'yan kai. Ka tuna ɗakinka a watan Afrilu da rana. Kakin yana buƙatar saman kwalbar ya fi ƙasa sanyi sosai kafin ya dawo, in ɗakin kansa yana 36 toh ina zai huce? Sai kaga ya tattaru a sama ya yi zamansa kamar curin fura, ko ya farfashe ya koma ƙananan ƙwallaye birjik suna ta zarya da sauri babu kyan gani. Su biyun duk suna yin haka, kar wani ya ce maka ta Ingila bata yi, sai dai ƙaramar tafi saurin kaiwa can. Maganin shi ne dima, makunnin nan mai rage ƙarfin wuta, ka kunna da cikakken ƙarfi har ya narke sannan ka rage a hankali har ka samu inda yake tafiya yadda kake so. Kuma nan ma Mathmos ta sake cin riba, don dima mai 230 ko'ina akwai, ta Amurka kuwa sai ka jera taransifoma sannan dima mai 120 a bayanta, wayoyi kaca-kaca a bayan tebur. Lokacin hunturu kam, Disamba da Janairu, zaka ga ikon Allah, a lokacin nake jin kuɗina basu tafi a banza ba. Da farko kakin zai miƙo tsini-tsini kamar suri ya tsaya cak, mutum ya ɗauka ta lalace, barta kawai, bayan awa ɗaya ko biyu surin zai rushe ya narke sai manyan ƙwallaye su fara tashi ɗaya bayan ɗaya a hankali. Kar ta wuce awa shida zuwa takwas a kunne, kuma kar iskar fanka ko AC ta dinga dukanta kai tsaye.

Yanzu hazon, tunda nasan shi ne ke tsorata ka. Hazo ba mutuwa bace. Yawanci abinda ke kawo shi an girgiza ta ne tana da zafi, sai kakin ya tarwatse ya zama ƙura-ƙura a cikin ruwan, ko kuma an barta a kunne kwana da kwanaki. Mai gwanjo kuwa ai kasan yadda kaya ke shan wurgi kafin su iso hannunsa. Matakin farko baka buɗe komai: ka kunna har kakin ya yi laushi ya fara motsi, ka kashe ta huce gaba ɗaya har ya daskare, gobe ka sake, kamar sati ɗaya zuwa biyu. Sau da yawa ƙurar tana komawa jikin uwarta ruwan ya washe. In ya ƙi, sai a buɗe a tace. Tana sanyi kakin ya daskare zaka tsiyaye ruwan a kwano mai tsabta, ka tace shi da matata mai laushi sosai, irin ta yumɓu da ake tace ruwan sha, ka mayar. Kyallen tatar koko ba zai yi ba, ƙurar tafi ƙarfinsa. Kuma don Allah kar ka zubar da ruwan asali, ba ruwa bane zalla, an auna nauyinsa daidai da wannan kakin, in ka zubar ka ɗora wa kanka aikin awo daga farko.

In ma ya kama sai an canza ruwan duka, ana iyawa. Tataccen ruwa ake sawa, wanda ake ƙara wa batir, amma ka buɗe baki ka faɗa wa mai shago wanda babu asid kake so, don da ka ce ruwan batir wani asid zai miƙo maka. Sai ka jiƙa gishirin Epsom na kemis a wani kofi daban, fitila tana kunne kakin ya narke yana kwance a ƙasa, ka dinga ɗiga ruwan gishirin kaɗan-kaɗan kana jiran minti goma tsakani, shi yake ƙara wa ruwan nauyi har kakin ya samu ya ɗago. In ka zarce, kakin zai haye sama ya ƙi saukowa, sai ka rage ka ƙara tataccen ruwa. Sabulun ruwa na wanke-wanke kuma ɗigo ɗaya ko biyu, shi ke hana kakin manne wa gilashi. Na taɓa zuba kusan rabin cokali wai don ya fi kyau, abinda na samu kamar an watsa gero a ruwa, sai da na sake wankewa. Ka bar ɗan fili a wuyan kwalba kamar yadda ka same shi, ruwan yana kumbura in ya ji zafi.

Duk wannan aikin sai murfi ya buɗu, kuma nan ne nake so ka duba da idonka kafin ka biya. Ɗaga hular ƙarfen dake sama ka ga abinda ke ƙarƙashi. Tsofaffin na Ingila da yawa murfin murɗawa ne, ka buɗe ka gyara ka rufe sau goma in kana so. Sabuwar Lava kuwa murfinta irin na kwalbar lemo ne da inji ya matse, zaka iya ɓanɓare shi a hankali da sukudireba kana bin haƙoran ɗaya-ɗaya, amma mayar da shi ya rufu ruf aiki ne, kuma yara na gida. Ga mai son canza kala wannan ba ƙaramin abu bane. Ruwan kalar abinci yake ɗauka, ɗigo kaɗan, kakin kuma sai rini mai narkewa a mai irin na masu yin kyandir, kuma daga haske zuwa duhu ake tafiya, farin kaki ko rawaya zai koma ja, ja ba zai koma fari ba. Ƙari kuma Mathmos suna sayar da kwalba ita kaɗai, in ta gagare ka gyara gindinka da hularka suna nan, kwalba kawai zaka sa a taho maka da ita.

Ban ce sabuwar bata da nata ba fa. Wayarta sabuwa, makunninta sabo, kakinta bai gaji ba, kala kuma sai wadda ka zaɓa. Shi kaki yana tsufa, wanda ya sha dubban awoyi zaka ga ya yi gari-gari ko ya daina haɗewa, wannan kam tacewa bata gyara shi. In kai kallo kawai kake so, ko kyauta zaka yi wa wani, kuma ɗakin akwai AC, ɗauki sabuwar da taransifomarta ka huta. Sai dai ka tuna wa yayanka bata shiga jakar hannu a jirgi tunda ruwan ya wuce mililita 100, sai cikin akwati, ya naɗe ta sosai. Amma ka ce tarawa kake son farawa kana gyarawa, toh mai tarawa tsohuwar yake bi. In ma ka juya gindin kaga an rubuta Crestworth maimakon Mathmos, kasan ta girmi 1992, kar ka nuna wa mai kayan zumuɗinka.

Abinda zaka duba a wurin: ka zagaya kwalbar da yatsa musamman ƙasa inda take zama kan ƙwai, ko ɗan tsagu siriri ka gani barta. Ka leƙa ta ƙasa akwai wani ɗan sifirin na ƙarfe a naɗe cikin kakin, shi ke haɗe ƙwallayen in sun sauko, in babu shi ko ya yi tsatsa ya rube ka rage kuɗi sosai. In ya karkace ne kawai ba komai, in ta yi zafi sai ka ɗan murza kwalbar a hankali a mazauninta ya koma. Ka duba ruwan bai ragu da yawa ba, don in ya ragu murfin na yoyo. Wayar kuma in ta bushe tana tsattsagewa kai wa mai gyaran wuta ya canza, aikin minti ashirin ne. Kalar ruwan in ta koɗe rana ce ta cinye ta, ba matsala, kai dai kar ka ajiye taka a bakin taga.

Abu ɗaya da ban yarda a yi wasa dashi ba: in an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, barta a inda take ta huce, kar ka ɗaga, kar kuma wani ya baka shawarar ɗora kwalbar kan risho ko gas wai don ta yi saurin narkewa. A 2004 wani saurayi a garin Kent na jihar Washington ya ɗora tasa kan murhu, ta fashe gilashin ya soke shi a ƙirji ya rasu. In sola gareka kuma ka yi lissafi, wat 40 na awa shida wat-awa 240 kenan daga batirinka a kan fitilar da ko karatu ba zaka yi da haskenta ba.

Kaje da ƙwanka a aljihu, ka roƙi mai gwanjon ya baka soket ko na rabin awa ne. Ba zata fara gudana a rabin awa ba, amma zaka ga ko gindin na kawo wuta kuma ƙasan kakin ya fara laushi. Ka ɗauko hoton murfin da rubutun dake ƙasan gindin ka turo, sai in faɗa maka ƙwan da zaka nema.