Wasiƙa daga Birmingham: Yaya, a bar yara su taɓa kwamfutar nan

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da iyali, da su Inna da Baba. Yaya sanyin Jos? Mu ma nan alhamdu lillahi.

Ka tambaye ni ko a sa Auta a makarantar koyon kwamfuta kafin JAMB, ko kuwa in aiko da laftof. Laftof zan aiko in sha Allahu, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa na zauna rubutu maimakon in tura maka saƙon murya.

Kwamfuta ta hannu, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, tana da sauƙin kuɗi a nan idan aka auna da abin da mutum ke samu a wata. Kamfanoni kan sauya nasu bayan 'yan shekaru, 'yan kasuwa su saye, su goge, su gyara, su sayar. Irinsu ne kake gani a Banex ta Abuja da shagunan titin Ahmadu Bello. Abin da ya bambanta nan da gida doka ce. A nan, dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar wa mai shago kaya masu aibu ya ba ka kuɗinka, ko da na hannu ne. In ta intanet ka saya daga ɗan kasuwa, kana da kwana 14 ka ce ka fasa. A gida kuwa ka sani, da zarar ka bar shago sai dai sanayya da mutunci. Ka kuma ja kunnen duk wanda zai saya yanzu: Microsoft ta kawo ƙarshen kula da Windows 10, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Waɗannan su ne za su yi ta kwarara kasuwanninmu da araha. A tambaya kafin a biya.

Wajen gyara kuwa kun fi mu nesa ba kusa ba. A nan kuɗin aikin mai gyara kaɗai kan sa mutum ya haƙura ya sayi wata. Yaranmu da ke buɗe cikin laftof su sauya ɗan abin da ya ƙone kana tsaye, wallahi ba mu san darajarsu ba sai da muka fito. Wuta dai ba a ɗauke ta, intanet ɗin gida kuma ba ya ƙarewa, sai dai suna ɗaure ka da yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu, kuma kuɗin wutar ba wasa ba ne.

Amma duk wannan ba shi ne ya tsaya mini a rai ba. Ɗakin karatu ne. Babban na Birmingham, wanda Malala Yousafzai ta buɗe a 2013, da ƙananan da ke unguwanni, duk akwai kwamfutoci. Ka yi katin zama mamba kyauta, a ba ka lokaci, ka zauna. Ba mai tsaya maka a ka yana cewa kada ka lalata. Na ga dattijuwa, sa'ar Inna, hannunta na rawa a kan maus, wata 'yar sa-kai na gefenta. Sau nawa tsohuwar nan ta danna inda bai dace ba, yarinyar ba ta taɓa karɓe maus ɗin daga hannunta ba. Da baki kawai take nuna mata, ta jira. Ba wai tsofaffinsu sun fi namu basira ba ne. Dole ce ta kawo su, domin ganin likita, harkar banki da neman tallafin gwamnati duk sun koma intanet, rassan bankuna kuma sai rufewa suke yi. Mu baƙi ma katin izinin zamanmu ya daina aiki a ƙarshen 2024, ya koma na intanet. Kada kuma ka ɗauka komai lafiya lau: a 2023 majalisar birnin nan ta bayyana cewa kuɗinta ba zai biya mata buƙatunta ba, ɗakunan karatu na cikin abin da tsuke bakin aljihu ya shafa. Duk da haka ƙofar da ta rage a buɗe, kowa ke shiga.

Yara kuma tun 2014 aka sa darasin kwamfuta a manhajar Ingila daga shekara 5. A 2016 BBC ta raba wa 'yan ajin farko na sakandare kusan miliyan ɗaya wata 'yar na'ura mai suna micro:bit, kyauta, su yi ta gwaji da ita. Ka tuna yadda aka koya mana mu? Malam ya zana kibod a allo, mu haddace sunayen sassan kwamfuta, mu ci jarrabawa, alhali ita kanta tana ofis an lulluɓe ta da ƙyalle. Wannan kamar koya wa yarinya tuƙin tuwo ne ba a taɓa miƙa mata muciya ba. Ga shi JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara da masu zana jarrabawar a ƙashin kansu a 2024. Yaro ya san amsa, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da zai zauna gaban na'urar, gabansa na faɗuwa, lokaci na tafiya. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai.

To ga sharaɗin. Laftof ɗin ba na Auta ba ne shi kaɗai, na gida ne. A ajiye shi a falo, kada a kulle a durowa don gudun lalacewa. In ya lalace a kai gyara, ni zan biya. Kowa a ba shi rabin awa, har da 'yan mata, kuma kada a ce sai sun gama aikin gida sannan, domin aikin gida ba ya ƙarewa. Iya latsa waya ba iya kwamfuta ba ne. Yaron da ya ƙware a TikTok za ka tarar bai san yadda zai adana takarda ya sake nemo ta ba. Don haka a fara da kunnawa da kashewa, riƙe maus, buga rubutu da hannu biyu, sa wa fayil suna, buɗe adireshin imel da haɗa takarda a tura. Wanda ya iya abu yau, gobe shi zai koya wa na ƙasa da shi. Wannan gatan mu ke da shi, su ba su da shi, domin a nan tsoho na zaune shi kaɗai, jikokinsa na wani gari.

Na san data ta yi tsada tun ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025, shi ya sa zan zuba abubuwan da ba sa buƙatar intanet, kuma duk kyauta ne: GCompris na wasannin ƙanana, Scratch na masu tasowa, inda yaro ke jera umarni ya ga hoto ya motsa, sai LibreOffice na rubutu da lissafi. Zan kuma saita kibod ɗin Hausa don su riƙa rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai.

Inna kuma, don Allah Yaya, kai da kanka za ka zauna da ita, kada a bar ta da yara masu gajen haƙuri. Ba sai ta iya komai ba. Ta iya kiran bidiyo, ta kuma riƙe cewa lambar da banki ya turo mata da lambar BVN ba a faɗa wa kowa a waya, ko da ya ce daga banki yake. In za ta ce ita ta tsufa, ka ce ni na roƙa.

Filogin nan iri ɗaya ne da namu, mai ƙafa uku, ba sai an sayi wani abu ba. Amma ka nemi sitabilaiza saboda wutar da ke zuwa da ƙarfi, kuma a riƙa caji da zarar an kawo wuta. Kibod ɗin na Ingila ne, alamar @ ba ta inda take a na Amurka, don haka Auta ya je wata cibiyar jarrabawa ya gwada hannunsa, ya kuma yi rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB. Da na samu mai tahowa Abuja zan sanar da kai ranar da za a je karɓa. Ka gaishe mini da su Inna da Baba da Goggo, da duk yaran.

Ƙanwarka.